Tayoyin da Na Sa wa Jar Motar Belbeji

Tanut, Damargu.

Zuwa ga ƴata Rakiya, wadda nake kira Uwani.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika zauna kika buɗe ta. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki a ƙasa da sama, Ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki da kowa. Innarki tana gaishe ki, yayyenki ma haka. Labarin gida ba zan sa a nan ba. Wannan na waya ne, kuma innarki ta fi ni iya bayar da shi.

Na ce kada ki buɗe sai kin bar Yamai, don abin da ke ciki ba irin wanda zan iya faɗa miki ina kallon fuskarki ba ne. Hannuna ya fi sabawa da ƙarfe a kan alƙalami, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri.

Ranar da kika zauna a bencin garaji kina yi mini bayanin aikin da aka ɗauke ki, na saurara ban ce komai ba, har ina jin kin ɗauka ban gane ba. Na gane. Kin ce masana'antar ƙarama ce, motocin gudu suke ƙerawa, irin masu kujera biyu, wasu da lantarki zalla suke tafiya, wasu kuma sun haɗa inji da batir. Kin ce batir yana ba mota wani irin ƙarfin tashi wanda injin isansi, wato mai shan fetur, ba ya bayarwa, amma batirin wata motar shi kaɗai ya kai nauyin buhun hatsi biyar ko shida, kuma duk inda ta je da shi take zuwa, ko yana cike ko ya ƙare. Kin ce a sashen da za a sa ki kullum gardamar ɗaya ce. Akwai masu son a ƙara batir don a ƙara ƙarfi da nisan tafiya, akwai masu son a rage don motar ta ji sitiyari, ta kuma tsaya in an taka birki. Ni ban taɓa shiga masana'anta ba. Amma wannan gardamar na daɗe a cikinta, fiye da shekara talatin, kuma na sha faɗuwa. Zan gaya miki yadda na faɗi. Abin da ya yi miki amfani ki ɗauka, sauran ki bari.

Kafin in buɗe garaji tuƙi nake yi, wannan kin sani. Motata ta farko tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kai ƴan kasuwa Falanko da Ollelewa da Belbeji, kowace da ranar kasuwarta. Ba ta da gudu. A kan gudron na Damagaram, wato titin kwalta, kowa wuce ni yake yi, direbobi suna ɗaga mini hannu suna dariya, ni kuwa lokacin ina da ƙuruciya, abin yana ci mini rai. Sai na samu injin wata babbar mota da ta yi hatsari, na saye shi, na yanke nan na yi walda can, na cusa shi a gaban bashe ɗin. Kwana goma na yi a kan aikin.

Akwai abokina Gali, Ba'abzinen Tenhiya, shi ma direba ne, kin san shi, shi ne mai kawo mana cuku in ya shigo gari. Ya zo ya zagaya motar, ya danna gabanta da hannu, ya ga ba ta taso ba. Ya ce, "Mamman, ka ɗora wa akuya kan bijimi. Da wace ƙafa za ta ɗauka?"

Na ce masa, "Ka bari mu hau gudron ka gani."

A gudron kuwa na ba kowa mamaki. Amma aikina ba a gudron yake ba, a yashi yake. Duk inda ƙasa ta yi laushi sai gaban motar ya nitse, bayan yana sama yana watsa rairayi. Ƙarafunan da ke ɗauke da gaban sun karye sau biyu cikin wata guda. Rannan kusa da Ollelewa, a wata kwana da na bi ya fi sau ɗari, na murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa, ta miƙe ta ratsa shinge ta shiga gonar wani mutum, ta kwantar masa da gero mai yawa. Ba wanda ya ji ciwo. Mai gonar ya fito ya dube ni ya dubi motar, ya ce, "Ita ta kawo ka ko kai ka kawo ta?" Sati biyu bayan haka na mayar da tsohon injin.

Abin da zan ce miki a kan wannan kaɗan ne. Duk ƙarfin da aka ƙara wa mota da jikinsa yake zuwa, kuma jikin nan sai ya samu wurin zama. In aka ce miki an ƙara wa mota ƙarfi kaza, ki tambaya an ƙara mata kilo nawa, sannan ki tambaya a ina kilon ya zauna, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Ni tambayar farko kaɗai na yi wa injin nan, wato me zai ba ni. Ban tambaya me zai karɓa ba. Kuma kada ki yarda da motar da aka gwada a miƙaƙƙiyar hanya kawai. A miƙaƙƙiyar hanya kowace mota mai ƙarfi mai kyau ce.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma ban taɓa ba ki labarinsa ba.

Akwai lokacin da mai ya taɓa ƙare mini a daji, na yi tafiyar rabin yini a ƙasa kafin in ga mutum. Daga ranar na ɗauki wata al'ada. Duk in zan yi arewa sai na ɗaure tano biyu, manyan gangunan ƙarfe, cike da isansi a bayan mota, ban da wanda ke tanki. Na san motar tana ƙara shan mai saboda ɗaukar man, amma hankalina ya fi kwanciya da haka.

Wata shekara da rani mahaifin Gali ya kamu da ciwon ciki mai tsanani a rugarsu, arewa da Tenhiya. Motar Gali tana kwance, sai ya aiko mini. Na je. Muka shimfiɗa wa tsohon tabarma da bargo a baya, tsakanin tano biyun nan, Gali ya zauna ya riƙe masa kai. Mun tashi bayan sallar asuba, da niyyar mu shiga asibitin Tanut kafin rana ta yi zafi.

Da hantsi muka kafe. Muka haƙa, muka sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin taya, muka fita. Ba mu yi nisa ba muka sake kafewa. Gali ya ce, "Mamman, mu sauke tano ɗaya, in mun kai shi ka dawo ka ɗauka."

Na ce, "In na bar shi a nan ba zan tarar da shi ba. Kuma in mai ya ƙare mana fa, da maras lafiya?"

Ya ce, "Wanda ke tankinka ya isa ya kai mu Tanut ya dawo da mu."

Na san gaskiya ya faɗa. Na san hanyar, na san abin da motata ke sha. Amma na ƙi. Muka ci gaba da haƙa. Tsohon ba ya magana, sai nishi kaɗan kaɗan, mun ɗaura masa rawani a kan sanduna don inuwa. Da muka kafe karo na huɗu rana ta riga ta take tsaka. Sai Gali ya bar haƙa. Ya hau bayan motar, ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya turo tano ɗaya ƙasa, ya turo ɗayan. Na shiga na taka, motar ta fita kamar ba ita ba, kuma ba mu sake kafewa ba har Tanut. Mun shiga asibiti bayan la'asar. Tsohon ya rasu washegari da safe.

Likitan ya ce da an kawo shi da wuri wataƙila da an yi wani abu, wataƙila kuma da ba a yi ba. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne na shiga Tanut da fiye da rabin tanki. Bayan kwana takwas na bi ta wurin, na tarar da tano biyun suna kwance inda muka bar su, ba wanda ya taɓa. Gali bai taɓa ɗaga mini maganar ba har yau. Zumuncinmu yana nan. Amma tun daga ranar bai sake shiga motar da nake tuƙawa ba.

Na tuna da wannan lokacin da kika ce masu sayen motocinku suna tsoron kada batir ya ƙare musu a hanya, shi ya sa ake ta ƙara masa girma. Tsoron nan na san shi, ba abin dariya ba ne, kada ki raina mai shi. Amma ki sa a auna shi. Ki tambaya wa ke yin wannan doguwar tafiyar, sau nawa a shekara, sannan ki dubi abin da motar za ta riƙa ɗauka kowace rana saboda rana ɗaya da wataƙila ba za ta zo ba. Ni ma nawa da sauƙi, tano ana iya ture shi. Batirin da kuka ɗaure a ƙarƙashin mota ba mai ture shi. Abin da kuka yanke a ofis shi mai motar zai yi ta ja har ta mutu.

Bayan rasuwar tsohon nan sai na koma ɗaya gefen, na kuma wuce iyaka. Na bi motar ina cire duk abin da na ga yana da nauyi. Na ajiye taya ta biyu ta ko-ta-kwana, na rage ƙarafunan baya, har na yanke shingen ƙarfen da ke tsakanin kaya da inda direba ke zama, don a ganina ba aikin da yake yi. Motar ta yi sauƙi, ta rage shan mai, ina ta yabon kaina. Rannan na ɗauko buhunan wake da wasu ƙarafunan rijiya daga Belbeji, raƙumi ya ratso hanya, na taka birki da ƙarfi. Kayan suka zamo gaba gaba ɗaya, ƙarfe ɗaya ya fasa gilashin baya ya shige ta gefen wuyana. Tabon nan da kike taɓawa kina ƙarama kina tambaya, nake ce miki ƙahon bijimi ne, to wannan ne. Da ya matsa kamar faɗin yatsa biyu da ba a haife ki ba.

Saboda haka in an sa ki rage nauyi, ki rage, aikinki ne. Ki fara da abin ado da abin jin daɗi. Amma abin da ke tsakanin mutum da ƙarfe, da birki, da taya, in aka zo kansu ki yi taurin kai. Abin da ba ya aiki kullum ba shi ne marar amfani ba. Shingen nan shekara tara yana motar bai yi komai ba, ranar aikinsa kuma ta zo ba ya nan.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wannan kina wurin, amma ba duka kika sani ba.

Kin tuna Nasiru, ɗan Alhaji mai fataucin dabbobi na Belbeji, wanda ke kasuwanci a ƙasar waje. Kin tuna jar motar da ya sayo ta hannu, aka ɗoro ta a kan kamiyo, babbar motar kaya, har Tanut, don ba za ta iya hanyar garinsu ba. A gidan kawunsa yake ajiye ta, a gudron kaɗai yake hawanta. Gajera ce, tsayinta bai kai ƙirjina ba, kujera biyu, in ta tashi ba a jin ƙararta sai ta ɗan yi gaba injin ya farka. Irin masu haɗa inji da batir ce, kuma ita ce ta farko da na taɓa sa wa hannu.

Ya kawo mini ita ranar Talata, da bazara, tayoyin baya sun cinye har zare ya fara fitowa. Ya ce ranar Juma'a yana da ɗaurin auren abokinsa a Damagaram, kuma da ita yake son ya shiga gari. Tayoyinta na asali sai an yi oda, sati uku ko fiye. Na yi waya Damagaram aka samo mini guda biyu na hannu, faɗinsu da girmansu daidai da nata, da sauran ƙwari a jikinsu. Aka aiko su ranar Alhamis.

Ke lokacin kina shekara ta biyu a karatunki, kin zo hutu, kin kawo mini abincin rana. Na sa kirik zan ɗaga bayan motar, sai na ji hannun kirik ɗin ya yi tauri, yana ƙara, kamar ina ɗaga bashe mai kaya. Na lura da haka. Na ce a raina kirik ɗin ne ya tsufa. Idona yana gaya mini ƴar ƙaramar mota ce, na yarda da idona na ƙi yarda da hannuna.

Kika ajiye kwanon, kika buɗe ƙofar direba kika karanta ƴar takardar ƙarfen da ke jikin ginshiƙin. Sannan kika tsuguna kika dubi lambobin da ke gefen tsohuwar tayar, kika dubi na sabuwar. Kika ce, "Baba, girman ɗaya ne, amma lambar nauyin ba ɗaya ba ce. Waɗannan na motar da ba ta kai wannan nauyi ba ne. Harafin gudun ma ƙasa yake. Motar nan ta fi yadda ake ganinta nauyi, akwai batir a ƙasa da wani injin lantarki a baya."

Da mu biyu ne kawai, wataƙila da na tsaya na duba. Amma Nasiru yana zaune a benci yana danna waya, ya ɗago ya yi dariya, ya ce, "Baba Mamman, injiniyarka ta fara koya maka aiki."

Da wasa ya faɗa. Ni kuwa ta shige ni. Na ce miki, "Tun ba a haife ki ba nake sa taya. Lamba ta masu takarda ce. Taya in ta shiga ta zauna, ta yi."

Kika ce, "To, Baba." Kika jira na ci abinci, kika ɗauki kwanon kika koma gida.

Na sa tayoyin. Na ce masa ya tafi a hankali, kamar yadda nake ce wa kowa, ba don ina nufin wani abu ba. Wanda ya sayi irin wannan motar ba don tafiya a hankali ya saye ta ba, kuma na san haka.

Ya tashi ranar Juma'a wajen ƙarfe goma sha ɗaya, shi da wani abokinsa, lokacin da gudron ke zafin da ba a iya taka shi da ƙafa. Bai kai rabin hanya ba tayar baya ta hagu ta fashe. Motar ta juya, ta bar hanya, ta wuntsila sau biyu ko uku. Abokin ya fito da ƴan raunuka. Nasiru hannunsa na dama ya shiga tsakanin mota da ƙasa, a asibitin Damagaram aka yanke shi daga gwiwa. Yana da shekara ashirin da takwas.

Jandarma suka rubuta gudu ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne gudun ya yi yawa. Ba wanda ya tambaye ni komai. Da aka jawo motar na je na duba ni kaɗai. Tayar ba ƙusa ta taka ba, ba dutse ta buga ba. Daga ciki ta ɓare, gefenta ya rabu da jikinta, irin yadda taya ke yi in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ta yi zafi. Lambar da kika nuna mini tana nan a kan guntun da ya rage. Ranar na fara karanta ta da kyau.

A gida ba ki ce komai ba, ni ma ban ce ba. Kin kwana biyu ba ki ci abincin kirki ba, innarki ta ɗauka zazzaɓi ne. Hutunki ya ƙare kika koma makaranta.

Na yi shekara uku ina gaisawa da Nasiru in mun haɗu, ina tambayarsa jiki, ba tare da na faɗa masa ba. Bara ya zo garaji da wata mota mai canza giya da kanta, yana son in sa masa wani ɗan dunƙule a jikin sitiyari don ya iya juya shi da hannu ɗaya. Na ce ya zauna. Na gaya masa tayoyin da na sa masa ba su dace da nauyin motar ba, kuma an gaya mini kafin in sa, na ƙi ji. Na ce duk abin da yake ganin ya dace a yi, ko gaban mahaifinsa ko gaban hukuma, zan je.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Baba Mamman, ai ina zaune a nan ƴarka ta faɗa. A bencin nan. Mu biyu muka ji ta. Kai ka yi fushi, ni na yi dariya." Ya dubi hannun rigarsa da aka naɗe, ya ce, "Na yafe naka. Nawa ne ban gama da shi ba. Sa mini abin in tafi, ina da sauran hanya."

Na sa masa. Ya gwada, ya ce ya yi, ya tafi.

To, Uwani, ga abin da nake so ki riƙe daga wannan.

Kada ki auna mota da ido. Motocin da za ki yi aiki a kansu an yi su ne su yi kama da abu marar nauyi, alhali ba haka suke ba. Ƙarfin lantarkin yana ɓoye nauyin lokacin tashi, har mai tuƙi ya manta da shi. Amma taya ba ta mantawa, birki ma haka, kwana ma haka. Ki hau sikeli da kowace mota, ki yarda da abin da ya nuna ko da ya saɓa wa abin da kowa ke so ya ji.

Ki kuma tuna inda motocin nan ke ƙarewa. Wanda ya saye ta sabuwa zai hau ta shekara kaɗan a hanya mai kyau da sanyi, kusa da masu kayan gyaranta, sannan ya sayar. Daga hannu zuwa hannu wata rana za ta sauka a gari irin namu, a zafi irin namu, a hannun bakanike irina wanda bai taɓa ganin irinta ba, da mai mota da ke gaggawa. A ɗakin da za ku zauna kuna yanke shawara, ina jin ke kaɗai ce kika taɓa ganin wannan da idonki. In akwai yadda za a rubuta nauyin motar da irin tayar da take buƙata a inda ko wanda bai yi karatun lakkol ba zai gane, ki sa a yi.

Sai abu na ƙarshe, wanda laifin nawa ne amma gyaran naki ne. Ranar nan sau ɗaya kika faɗa. Na ɗaga murya kika ce "To, Baba," kika yi shiru. Ba na ganin laifinki, ni na tarbiyyantar da ke a kan haka, kuma ina alfahari da ladabinki a gaban mutane. Amma da kin sake faɗa, da kin tsaya a gaban motar kin ce ba ki yarda ba, da na yi miki faɗa, da na kwana ina fushi, wataƙila kuma da na duba. Inda za ki je za ki tarar da maza da suka girme ki, suka riga ki a aikin, suna magana da harshen da ba naki ba, wasu ma ba za su iya faɗin sunanki daidai ba. Wata rana za ki ga lamba ba ta yi ba, ki faɗa, wani ya yi dariya, wani ya ce tun ba a haife ki ba yake wannan aikin. Ki bari ya gama. Sannan ki sake faɗa, da murya irin ta farko, ba tsawa ba raini. In an ƙi ji ki rubuta, ki sa sunanki, ki kai wa na gaba da shi. In abin ya shafi ran mutum, kunya ba ta cikin ladabi. Aiki in an kore ki za ki samu wani. In kuma Allah Ya ɗaga ki kika zama ke ce babba, wani ƙarami ya tsuguna ya nuna miki lamba, ki ajiye abin da ke hannunki ki je ki duba, ko da a gaban mutane ne.

Shekara huɗu ke nan muna cin abinci a gida ɗaya duk hutu, ban taɓa buɗe baki na faɗa miki ba. Ke ce da gaskiya ranar nan. Hannun Nasiru ba ya wuyanki, ko kaɗan, in kina ɗauke da wannan ki ajiye shi. Nawa ne. Ki yafe mini tsawar da na yi miki, da shirun da na yi bayanta.

Ba sai kin ba ni amsar wannan takarda ba. In kin yi waya mu gaisa kamar kullum, zan gane kin karanta.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da agogon can ya rikita miki. Ki ci abinci. In an ba ki motar ki gwada, ki ɗaura bel kafin ki tayar. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya tsare hannunki daga zama sanadin cutar kowa, Ya tsare duk wanda zai hau abin da kika ƙera. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke muna raye. In kuma kin dawo ba ki tarar da ni ba, na yafe miki duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mamman bakanike, Tanut.